Ƙwayoyin da Suka Manta Aikinsu

Mu biyar mahaifiyata ta haifa, mata uku maza biyu, kuma mu matan ne kawai muka rayu. Ina da shekara bakwai aka haifi ƙanena na farko. Abin da na riƙe game da shi kaɗan ne: kumatunsa da suka yi jawur suna saɓa, da tsummokan da ba sa yankewa a kan igiya saboda gudawa, da yadda yake ta ramewa alhali yana shan nono kamar kowane jariri. Bai kai wata biyar ba. Na biyun ya zo bayan shekara uku, ya bi sawun ɗan'uwansa sak, har da ƙurajen. Dukansu gudawa aka ce ta kashe su. Inna ta taɓa ce mini ita ma tana da yaya namiji da bai yi kwana ɗari a duniya ba, amma a cikin hira ta faɗa, ni ma a matsayin hira na ɗauka.

Na girma na karanci ilimin garkuwar jiki, na shiga ɗakin bincike don yin digiri na uku. Idan na ce saboda ƙannena na zaɓi fannin, na yi ƙarya. Gurbi ne ya samu na shiga.

Aikin da aka ba ni a kan ƙwayoyin T masu tsawatarwa ne, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke taƙaitawa da Treg. Garkuwar jiki tana da mayaƙa, tana kuma da masu riƙe wa mayaƙan linzami don kada su afka wa jikin da suke tsaro. Treg su ne masu linzamin, kuma ba su da yawa: kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne na ƙwayoyin T masu ɗauke da alamar CD4. Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan ya nuna a 1995 cewa ana gane su da alamar CD25, kuma idan aka cire su daga jikin ɓera, garkuwarsa takan koma ta cinye shi. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell a Amurka suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a wani nau'in ɓera da ake kira scurfy, wanda mazansa ke mutuwa cikin mako uku zuwa huɗu da haihuwa. Suka sa mata suna Foxp3. A 2003 aka haɗa zaren biyu: furotin ɗin Foxp3 shi ne ke mai da ƙwayar T ta zama mai tsawatarwa. Wannan tarihin na rubuta shi a gabatarwar rahoto ya fi sau goma, har da jimlar da ke cewa irin wannan lalacewa a jikin ɗan Adam tana haifar da cutar IPEX ga jarirai maza, cutar da garkuwar jiki ke afka wa jikin mai ita. Hannuna ya rubuta, zuciyata ba ta karanta ba.

Manufar aikin mai sauƙin faɗa ce. A ɗauki ƙwayoyin T na gama-gari, a mai da su Treg a cikin faranti, a zuba su a jikin ɓera mai kumburin hanji, a ga ko za su kashe wutar. Ana ciro saifa da kaluluwar ɓera, a tace ƙwayoyin CD4 da ba su taɓa gamuwa da abokin gaba ba, wato masu CD62L da yawa, CD44 kaɗan, kuma babu CD25. A shafe ƙasan farantin da antibodin CD3, wato furotin da ke kama alamar CD3 ya tayar da ƙwayar, maikrogiram 1 zuwa 2 a kowace mililita, ya kwana a firiji. A zuba ƙwayoyin tare da antibodin CD28, da TGF-beta nanogiram 2 zuwa 5 a mililita, da IL-2 ma'auni 100 a mililita, su biyun sinadaran saƙo ne da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna. A ajiye a zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5. Bayan kwana uku zuwa huɗu a rina su a saka a injin ƙidayar ƙwayoyi. Cikin wata biyu hannuna ya faɗa, ina samun kashi 85, wani lokaci 90, masu Foxp3. Na riƙa manna hoton sakamakon a bangon teburina kamar wadda ta ci gasa.

A faranti ma suna aiki. Idan na haɗa su da mayaƙan da na rina da launin da ke raguwa rabi duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, ɗaya da ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da huɗu, ɗaya da takwas, bayan awa 72 sai in ga sun hana mayaƙan hayayyafa. Komai daidai.

A jikin ɓera ne gizo ke saƙar. Muna amfani da ɓeraye marasa ƙwayoyin T da B, a yi musu allurar mayaƙa kimanin 400,000, cikin mako huɗu zuwa takwas hanjinsu ya kumbura, su fara gudawa suna ramewa. Idan aka haɗa da Treg na asali da aka ciro kai tsaye daga wani ɓera, ba sa kamuwa. Nawa na faranti kuwa sai su riƙe na ɗan lokaci, daga nan nauyin ɓerayen ya fara zubewa. Duk ɓeran da ya rasa kashi 20 na nauyinsa doka ce a kawo ƙarshen wahalarsa, kuma ni ce mai yin hakan da hannuna. Na ninka adadin ƙwayoyin. Na canza TGF-beta, na canza ruwan rainon, na zargi injin, na zargi ɓerayen, na zargi kaina da rashin iya allura. Shekara biyu da rabi ana barin jaki ana dukan taiki. Abokan shigata suka fara rubuta kundi, ni ina auna ɓeraye da asuba. Akwai daren da na rubuta takardar ajiye karatu, na bar ta a kwamfuta ban aika ba, ba don jarumta ba, don ban san abin da zan gaya wa Inna ba ne.

Abin da ya kamata in yi tun watan farko shi ne in bi sawun ƙwayoyin da na zuba. Da na yi hakan, ta hanyar ƙera su daga ɓerayen da ƙwayoyinsu ke da alamar CD45.1, mayaƙan kuma masu CD45.2, don in iya bambanta su, sai na ciro su daga bangon hanji bayan mako shida. Ba su mutu ba, suna nan. Amma mafi yawansu sun ajiye Foxp3, kuma wasu suna fitar da IL-17 da intaferon gamma, sinadaran da ke rura kumburin. Ashe masu kashe gobara na tura, suka isa wurin suka ɗauki fetur.

Amsar tana cikin takardun da na karanta sama-sama. A 2007 masu bincike a Jamus suka bayyana wani ɗan yanki a cikin ƙwayar gadon Foxp3, wanda ba a fassara shi zuwa furotin, aka sa masa suna TSDR, daga baya aka fi kiransa CNS2. Yankin cike yake da wuraren da harafin C ke biye da G a jerin DNA. A irin waɗannan wurare ne ƙwaya ke liƙa wani ƙaramin sinadari mai suna metil a kan C, ba tare da ta canza harafin ba. Wannan shi ne ifijenetik a taƙaice: rubutun gado yana nan yadda yake, amma an sa wa wasu ƙofofinsa kwaɗo. A ƙwayar T ta gama-gari CNS2 a kulle take da metil. A Treg da aka ƙera a taimos, gaɓar nan da ke bayan ƙashin ƙirji, a buɗe take. A nawa na faranti kuwa, duk da Foxp3 da suke nunawa, ƙofar a kulle take gam.

TGF-beta yana kunna Foxp3 ne ta wata ƙofar daban, CNS1, ta hannun furotin Smad3 da NFAT masu kunna ƙwayoyin gado. Wannan kunnawa ta haya ce, tana nan muddin TGF-beta yana nan. CNS2 ita ce ta mallaka. Idan babu metil a kanta, sai STAT5 da IL-2 ke tayarwa, da CREB, da Ets-1, da Runx1 tare da abokinsa CBF-beta su zauna a wurin, shi ma furotin Foxp3 ya zo ya zauna tare da su yana ƙarfafa samar da kansa. Idan ƙwayar ta rabu biyu, 'ya'yan sukan gaji buɗaɗɗiyar ƙofa. Idan kuwa da metil, enzayim ɗin DNMT1 yana kwafe shi zuwa sabon zaren DNA a kowace rabuwa, don haka kwaɗon ma gadonsa ake yi. Aikin da aka wallafa a 2010 ya rarrabe ayyukan CNS1 da CNS2 da CNS3, sannan a 2014 aka nuna cewa ɓeran da aka cire wa CNS2 yana ƙera Treg lafiya lau, sai dai idan sun shiga kumburi suna rabuwa da sauri sukan saki Foxp3. A cikin kumburin akwai IL-6, sinadarin saƙo mai rura shi, da ke tayar da furotin STAT3, akwai ƙarancin IL-2, kuma ƙwayar da ba ta da inda STAT5 zai kama ba ta da abin dogaro. Wani aiki na ɗakin binciken Sakaguchi a 2012 ya ƙara nuna cewa cire metil ba a Foxp3 kaɗai yake faruwa ba, har da Ctla4 da Ikzf2 da Ikzf4 da Tnfrsf18, kuma yana faruwa ko da babu furotin Foxp3 mai aiki. Wato layi biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, furotin da kuma tambarin, wato wannan cire metil ɗin. Tun ran gini ran zane, a taimos ake buga tambarin.

Sai na koma koyon auna metil. Ana amfani da sinadarin baisalfait: yana juya duk C marar metil ya zama U, wanda injin karanta DNA ke gani a matsayin T, ya bar mai metil a matsayin C. Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne, kuma babu wanda ban faɗa cikinsa ba. Baisalfait yana ragargaza DNA, saboda haka gutsuren da za a ninka da PCR, dabarar kwafar DNA sau da yawa, kada ya wuce haruffa 300. Ana so a fara da nanogiram 200 zuwa 500. Tun da kowace ƙwaya tana da kimanin fikogiram 6, ƙwayoyi 100,000 sun isa idan ba a yi asara wajen cirowa ba. Idan an daskarar da ƙwayoyin da fomaldihaid don rina Foxp3, DNA yakan manne da furotin, dole a ba shi zafi da enzayim mai narkar da furotin na tsawon sa'o'i kafin ya saku. Idan juyawar ba ta kammala ba, C da ya tsira zai yi kama da mai metil, shi ya sa ake duba haruffan C da ba G ne ke bin su ba: dole kashi 98 ko fiye su zama T, in ba haka ba a zubar da samfurin. Sannan a riƙa tafiya da samfuran gwaji da aka san metil ɗinsu kashi sifili ne da 50 da 100, domin PCR yakan fifita wani zaren a kan wani.

Duk na kiyaye, amma Treg na asali, waɗanda ya kamata su fito a buɗe kusan gaba ɗaya, sai su tsaya a rabi. Wata biyu ina sayen sabon sinadari. Wata rana wani dattijon ma'aikaci da ya fi shekara ashirin yana kula da injinan ɗakin ya tsaya a bayana yana kallon allon.

"'Yata, ɓerayen nan naki maza ne ko mata?"

"Mata ne, Malam. Sun fi sauƙin haɗawa a keji ɗaya."

"To ai shi ke nan. Ina Foxp3 yake zaune?"

Ban amsa ba, don kunya ta rufe ni. A kan kuromosom X yake. Mace tana da X biyu, kowace ƙwaya tata takan kashe ɗaya, kuma wanda aka kashe a kulle yake da metil har da CNS2 ɗinsa. Ko Treg mafi inganci ta mace ba za ta wuce rabi ba. Ko dai a yi aiki da maza, ko a gyara lissafin. Na sake da ɓeraye maza, na asali suka fito a buɗe, nawa na faranti a kulle. Ranar na sauke hotunan da ke bango.

Gyaran ya zo ta hanyar da ban zata ba. Masu cire metil enzayim ne da ake kira TET, musamman TET2 da TET3 a cikin ƙwayoyin T. Suna buƙatar iskar oksijin, da alfa-ketogulutaret, da sinadarin ƙarfe a yanayinsa na Fe2+. Bitamin C ke taimakawa ƙarfen ya zauna a wannan yanayi, kuma ruwan RPMI da kowa ke rainon ƙwayoyi a ciki ba shi da bitamin C ko kaɗan. A 2016 aka wallafa cewa ƙara shi yana buɗe CNS2 a Treg na faranti. Na gwada da maikrogiram 100 a mililita. Karo na farko bai yi ba, saboda bitamin C na yau da kullum yana lalacewa cikin sa'o'i a ruwa mai ɗumi. Sai an riƙa haɗa sabo, ko a yi amfani da nau'insa mai fosfet da ke jurewa. Kuma shi kaɗai ba ya yin komai, sai tare da TGF-beta da isasshen IL-2. Daga baya, a 2020, aka nuna cewa janye antibodin CD28 a lokacin ƙerawa shi ma yana taimaka wa tambarin ya zauna. Kada wani ya karanta wannan ya je ya sayi ƙwayoyin bitamin C don ciwon gaɓoɓi ko na hanji. Magana ce ta faranti, inda aka hana ƙwaya abin da jini ke ba ta a kullum.

Na kuma ƙara wani mataki da yanzu ba na tsallakewa: jarrabawa kafin allura. A wanke TGF-beta, a huta da ƙwayoyin kwana biyu a IL-2, a sake tayar da su tare da IL-6 nanogiram 20 a mililita na kwana uku, sannan a ƙirga masu Foxp3 da masu IL-17. Wadda za ta ci amana a jikin ɓera, a nan take fara nuna hali. An daɗe ana jayayya a kan ko Treg na asali ma suna juyawa. Wani aiki na 2009 ya ce suna yi, na 2010 ya ce da wuya, na 2012 ya ce masu juyawar ƙalilan ne da tun farko ba su gama ɗaukar tambarin ba. A 2014 kuma aka nuna a ɓeraye masu kumburin gaɓoɓi cewa IL-6 da ke fitowa daga ƙwayoyin rufin gaɓa yana mai da irin waɗannan masu juyawar su zama mayaƙan Th17 masu fitar da IL-17 da haddasa cin ƙashi. Abin da idona ya gani ya fi karkata ga bayanin 2012, ko da yake ba na rantsuwa cewa kumburi mai tsanani da daɗewa ba zai iya girgiza ko da mai cikakken tambari ba. Akwai sauran makullai bayan metil: EZH2 da ke rufe ƙwayoyin gadon faɗa ta hanyar yi wa histon, furotin da DNA ke naɗe a kansa, alama, da p300 da TIP60 da ke liƙa wa furotin Foxp3 asetil don kada a rushe shi, da butiret da ƙwayoyin cutar hanji masu amfani ke samarwa. Na taɓa su sama-sama, kundina ya tsaya a kan CNS2, na kammala da jinkirin shekara biyu.

Ɗana na fari ya zo bayan shekara ɗaya da rabi. A mako na uku ya fara jiƙa ƙunzugu fiye da kima, yana shan nono ba ya ƙoshi. Aka auna sukarinsa ya haura milimol 25 a kowace lita, sama sosai da kima. Aka fara insulin, wanda sai an tsarma shi saboda ƙanƙantar abin da jariri ke buƙata. A mako na shida gudawa ta fara, ruwa tsagwaro, ba ta jin canjin madara, ba ta tsayawa ko an dakatar da ciyarwa ta baki. Sai kumatunsa suka yi ja suka fara saɓa. Ina tsaye a kansa da dare na ga fuskar ƙanena. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa. Jimlar da na rubuta sau goma ta dawo mini harafi bayan harafi.

Da safe na ce wa likitar a duba IPEX. Aka rina jininsa, sakamako ya fito: ƙwayoyi masu FOXP3 (haka ake rubuta Foxp3 na ɗan Adam) suna nan daidai adadi. Ta ce, "Maman yaro, ki kwantar da hankalinki, ba shi ba ne." Ban ga laifinta ba, kuskuren da na shekara biyu da rabi ina yi ne, ƙirga furotin a ɗauka an ga aiki. Na roƙe ta a karanta jerin haruffan ƙwayar gadon kanta. Kafin sakamakon ya dawo sauran alamomin suka taru: antibodin IgE ya yi sama sosai, fararen ƙwayoyin jini na iyosinofil sun yi yawa, ɗan naman da aka ciro daga ƙaramin hanji ya nuna 'yan yatsun da ke tsotse abinci sun shafe, kuma an samu antibodi da ke yaƙar ƙwayoyin bangon hanjin. Sannan jerin ya zo. Harafi ɗaya ne ya canza, a sashen da furotin ɗin ke kama DNA da shi. Ana ƙera shi, rini yana ganinsa, amma ba ya iya riƙe komai. Duk jaririn da ciwon sukari ya kama kafin wata shida, gwajin gado yake buƙata, kuma ganin FOXP3 a rini ba ya kore IPEX.

Aka auna TSDR, wato ƙofar CNS2 ɗin nan, a jininsa. Ƙwayoyin da ƙofarsu ke buɗe ba su yi ƙaranci ba, sun ma fi na yaro mai lafiya yawa, abin da aka saba gani a wannan cuta. Jikinsa yana ta ƙera masu tsawatarwa, yana buga musu tambari, yana tura su, su kuma ba su da murya. A faranti na yi fama da furotin marar tambari, a gadon asibiti ga tambari marar furotin mai aiki. Na fahimci takardar ɗakin binciken Sakaguchi ta 2012 a daren nan fiye da duk karatun da na yi mata.

Aka gwada ni, ina ɗauke da shi. Abin da ya sa ban taɓa ciwo ba shi ne kashe X ɗin nan da ya ɓata mini wata biyu: a cikin Treg ɗina, waɗanda suka bar X mai lafiya a kunne su ne suka cika wurin. Kowane ɗa namiji da zan haifa yana da rabin yiwuwar kamuwa, kowace mace rabin yiwuwar ɗauka. Maigidana ya saurara har na gama, ya ce, "Ke kika zaɓa? To a bar maganar laifi, a faɗa mini abin da za a yi." Gaya wa Inna ya fi wuya. Na yi kwana huɗu ina juya maganar.

"Inna, abin da ya ɗauki yaranki yana da suna. Ba sakacinki ba ne, ba nononki ba ne. A jini yake, daga gare ki na samu."

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. "Ni kuma daga wa?"

"Ga alama daga mahaifiyarki, tun da yayanki ma haka ya tafi."

"Allah ya jiƙansu," ta ce. Can kuma, "Shi wannan za a iya yi masa wani abu?"

Za a iya. An sa masa abinci ta jijiya don hanjin ya huta, aka fara da sitiroyid da takrolimus don a kashe wutar da sauri. Takrolimus yana da illa biyu: yana taɓa ƙoda, kuma ta hanyar toshe NFAT da rage IL-2 yana raunana Treg ɗin da ake son taimakawa. Da ya ɗan daidaita aka mai da shi kan sirolimus, wanda ke danne mayaƙa ya ƙyale masu tsawatarwa. Shi ma da nasa sharuɗɗan: ana auna adadinsa a jini dab da shan na gaba, yana kawo gyambon baki da hauhawar kitse a jini, kuma magungunan fangas na dangin azol suna sa ya taru fiye da kima, saboda haka duk sabon magani sai an tambaya. Sirolimus ɗin dai shi ne rafamaisin da muke zubawa a faranti, nanomola 100, idan muna hayayyafa Treg na mutum. A can ma darasin ɗaya ne: ƙwayar T ta mutum ko wace iri takan nuna FOXP3 na ɗan lokaci idan an tayar da ita, don haka ake zaɓar masu CD25 da yawa da CD127 kaɗan, a fi son masu CD45RA domin sun fi riƙe tambari, kuma a duba TSDR kafin a yarda da su.

Shawarar dashen ɓargo ita ce mafi nauyi da na taɓa yankewa. Magani yana riƙe cutar ne kawai, tare da haɗarin kamuwa da cututtuka da lalacewar gaɓoɓi a hankali. Dashe yana iya kawo ƙarshenta, yana kuma iya kashe yaron, ta hanyar cuta a lokacin da ba shi da garkuwa, ko sabon ɓargon ya juya ya yaƙi jikinsa. Abin da likitoci suka nanata shi ne yanayin da yaro ya shiga dashen da shi yana da tasiri ƙwarai, don haka a fara gyara nauyinsa da hanjinsa, kuma kada a jira gaɓoɓi su lalace. Ilimina bai rage mini tsoro ba, ya dai sa na san sunan kowane abin da nake tsoro. Muka sa hannu yana da wata goma sha ɗaya. Aka samu mai bayarwa da ba dangi ba wanda ya dace, aka yi wa yaron shirin dashe da magani mai sauƙin ƙarfi maimakon mai shafe ɓargo gaba ɗaya.

Yanzu shekararsa shida. Gudawar ta tsaya, fatarsa ta warke, an janye magungunan danne garkuwa. Jininsa gauraye ne, ƙasa da rabi na mai bayarwa, sauran nasa. Da farko wannan adadi ya tayar mini da hankali, sai aka ware Treg aka auna su daban: kusan dukansu na mai bayarwa ne, sun yi rinjaye a inda ake buƙatarsu, kamar yadda masu X mai lafiya suka yi a jikina. Ciwon sukarin bai tafi ba kuma ba zai tafi ba, domin ƙwayoyin da ke samar da insulin sun riga sun ƙare kafin mu san sunan cutar. Yana yawo da ɗan famfon insulin a ƙugunsa, ya iya karanta lambar da kansa. A watan Oktoban 2025, da aka sanar da kyautar Nobel ta fannin likitanci ga Brunkow da Ramsdell da Sakaguchi, ina cikin canza masa allurar famfon ne saƙonni suka fara shigowa wayata, sai da na gama na duba.

'Yan'uwana mata biyu sun yi gwajin. Babbar ba ta ɗauke da shi, ƙaramar tana ɗauke da shi, kuma yanzu tana da cikin wata shida, namiji. Tun da an san ainihin harafin da ya canza a danginmu, ba sai an karanta dukan ƙwayar gadon ba, wuri ɗaya za a duba. An shirya za a ɗebi jinin cibiya a ɗakin haihuwa, a riƙa auna sukarinsa tun daga makon farko, kuma likitan garkuwar jiki ya riga ya buɗe masa fayil da sunan mahaifiyarsa. Inna ta ce a wannan karon tana son ta kasance a wurin.